Ba a Ɗora wa Ingarma Mangala

A Ƙofar Atiku, kamar sauran tsofaffin unguwannin Sakkwato, ba a rasa gidan da aka killace wata tsohuwar mota a gindin dogon-yaro, ana goge ta safe da yamma. Wani Marsandi ce tasa, wani kuma Peugeot 504, wato Fijo, wadda ya gada daga mahaifinsa. Son irin wannan mota ba aibi ba ne, tsohon doki sai mai shi. Inda aibin yake shi ne ra'ayin da ake yaɗawa a majalisun masu ƙaunar motoci, wai mota don hawa aka ƙera ta, don haka wanda aikinsa ya kai shi nesa ya riƙa zuwa da ita kullum. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma ɓarna ce ga motar, ga aljihu, har da ran mai ita.

Fijo 504 ta cancanci yabon da ake yi mata. A 1968 ta fito a Faransa, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ma'anar wannan tarihi a yau ita ce ba a ƙara yin sabuwa. Kayan gyaranta na asali kullum raguwa suke. Abin da bakanike zai samo ko dai an ciro shi ne daga wata da ta mutu, ko kuma jabu ne da ba ya daɗewa.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a Ƙofar Atiku, aikinsa kuma a Gwadabawa, kimanin kilomita 40 a kan hanyar Illela. Zuwa da dawowa kilomita 80 ke nan. A kwanakin aiki 22 na wata ya yi kilomita 1,760, a shekara kuwa fiye da 21,000. Tsohuwar mota mai kafireto ba kasafai take shan ƙasa da lita 10 a kilomita 100 ba, wato lita 176 a wata. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta ninka sau da dama, har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Ko a naira 900 aka ɗauke ta, kuɗin fetur kaɗai ya wuce naira 158,000 a wata, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Baƙin mai da taya da birki ba su shiga wannan lissafi ba. Kuɗin makarantar yara da cefanen gida ne ke fita ta salansa.

Yanayin Sakkwato ma ba ya sassauta wa tsohon inji. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Lagireton da ya shekara talatin ya riga ya cushe da tsatsa, robobin ruwa sun bushe, kuma sau ɗaya injin ya tafasa a hanya ya isa ya ƙona gaskit. Idan hunturu ya shigo, ƙura ta toshe matatar iska, wadda ta tsallake kuma ta riƙa cin cikin injin sannu a hankali. Motar da ke fita sau ɗaya a mako tana haɗuwa da wannan azaba sau hamsin a shekara. Wadda aka mai da ta jakar aiki tana haɗuwa da ita fiye da sau ɗari biyu.

Mafi nauyin hujja ita ce ta rai. An zana 504 kafin jakar iska mai kare direba da birkin da ba ya ƙamewa su zama ruwan dare, kuma ba ta da ko ɗaya. Ana cewa ƙarfen da ya fi na yanzu kauri, amma motocin zamani da gangan aka yi gabansu ya lotse domin ya shanye ƙarfin karo kafin ya isa ga mutum. Hanyar Illela kuwa ta manyan motocin shanu da albasa ce. Sannan a wannan zamani na rashin tsaro, mota ta mutu a daji bayan magariba ba ƙaramin abu ba ne. Magidancin da ke jefa kansa cikin wannan kasada kowace rana don jin daɗin sitiyari yana caca ne da haƙƙin iyalinsa.

Masu wancan ra'ayi suna da gaskiya a wuri biyu. Motar da aka ajiye ba a tayarwa lalacewa take: batir ya mutu, taya ta tsage, fetur ya daskare a kafireto. Kuma doguwar tafiya a kan kwalta ta fi wa inji sauƙi bisa tsaye-tsayen cikin gari. Sai dai maganin wannan bai kai kilomita 20,000 a shekara ba. Fita ɗaya mai ɗan nisa a mako, har injin ya ɗauki zafi sosai, ta wadatar: masallacin Juma'a, ɗaurin aure a Bodinga, ziyarar dangi a Kware.

Garin da ya san doki bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Ingarman hawan Sallah ana kilisa da shi domin kada ƙafarsa ta sage, amma ba wanda ke ɗora masa mangala ya kai taki gona. Wannan aikin jaki ne, kuma ba ƙasƙanci ba ne gare shi. Jakin ma'aikacin yau shi ne ƙaramar Corolla ko Golf wadda kayanta ke cike da kasuwa, ko karo-karon kuɗin mai tsakanin abokan aiki huɗu a mota ɗaya, ko motar haya daga tasha, ko ma kama ɗaki kusa da wurin aiki a riƙa dawowa gida ƙarshen mako.

Wanda ya gaji Fijo daga mahaifinsa ya same ta da lafiya ne domin wani ya tattala ta. Idan ya ƙarar da ita a kan hanyar Gwadabawa cikin 'yan shekaru, abin da zai bar wa ɗansa gangar jiki ce a kan duwatsu a garejin bakanike, ana ɓalle mata kaya ana gyara ta wani.