Wa Ya Ce Ƙ Ba Harafi Ba Ce?

A hutun da ya gabata na raka ɗan ƙanena wani shagon kwamfuta a Rijau don a cike masa takardar jarrabawa. Na nace a rubuta sunansa da ɗ mai ƙugiya, sai na'urar ta ƙi, wai haruffa kaɗai take karɓa. Mai shagon ya ce, "Malam, a cire ƙugiyar mana, ai duk ɗaya ne." To, wanda bai bambanta baki da baƙi ba, ko kasa da ƙasa, shi ne zai ce duk ɗaya ne.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 gare shi, kuma haruffan Ingilishi kaɗai aka tanada wa wuri. Saboda haka idan mai tsara manhaja ya umarci na'ura ta duba ko alama ta faɗo tsakanin A da Z, nan take ɓ da ɗ da ƙ sun zama bare. Haka ma alhamzar da ke cikin "ma'ana" da "'ya'ya", wadda baƙi ce a wurinmu, sai a lissafa ta cikin alamomin rubutu.

A da wannan uzuri ne, amma yanzu sakaci ne. Tun 1991 tsarin Unicode ya fito, ya kuma ba haruffanmu masu ƙugiya lambobinsu. Harshen manhaja irin Python 3, wanda ya fito a 2008, idan aka tambaye shi ko ƙ harafi ce, zai amsa da i. Ashe gyaran bai wuce layi ɗaya ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu malamai muke karɓar kundin ɗalibi babu ƙugiya ko ɗaya, mu sa hannu. Haruffan da maɗaba'ar Zariya ta jure bugawa da dalma tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, mu ne muke zubar da su saboda ƙyuya.

Ya kamata Sashen Hausa ya ƙi karɓar duk aikin da aka yanke wa ƙugiya, ya kuma zauna da Sashen Kimiyyar Kwamfuta, domin ɗalibansu ne za su tsara manhajojin gobe. In ba haka ba, takardar shaidar yaron nan za ta ci gaba da ɗaukar sunan da ba shi aka raɗa masa ran suna ba.