DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: A TAYAR DA KEKUNAN DA AKA JINGINE

Masu iya magana kan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a shekarar 2024. Duk ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin Wunti da Yelwa ko Gwallameji ya san yadda kuɗin abin hawa ke cinye kuɗin abinci da na takardu. Amma abin mamaki, gidaje da yawa a Bauchin Yakubu ba a rasa tsohon keke jingine a zaure ko bayan ɗaki, ƙura ta rufe shi. A nawa ra'ayin, tayar da irin wannan keke ya fi sayen sabo, muddin an san inda za a zuba kuɗin gyara.

Dalili na farko shi ne ƙarfe. Kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh, wadda ta taɓa samun masana'anta a Kano, da Phoenix ta ƙasar Sin, gangar jikinsu ƙarfe ne mai jure wahala. Idan ya lanƙwashe ana miƙar da shi, idan ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi. Haka nan yawancin tsofaffin kekunan tsere na gwanjo masu lanƙwasasshen kai da ake shigowa da su daga Turai. Saɓanin haka, keken alminiyam idan ya tsage ba kowane mai walda ke iya taɓa shi ba. Wasu sababbin kekunan masu araha kuwa kyan ɗan maciji ne, sai ƙyalli a ido, damina ɗaya ta isa ta tona musu asiri.

To amma ya mai karatu, a nan ne gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin matasanmu idan sun tashi gyaran keke, da fenti da sitika da madubai suke farawa, birki kuwa sai a bar shi yana kama iska. Wannan ɗaurin gwarmai ne ga kai. Abin da ya dace shi ne a fara duba gangar jiki, musamman mahaɗar ƙarfuna, ko akwai tsaga ko tsatsar da ta ci ciki. Idan ta yi lafiya sai a koma kan birki, a sauya robobi da wayoyinsa. Daga nan a kwance cibiyar tayoyi da ta feda da wuyan keke, a wanke, a zuba sabon boris da giris. Kaca kuwa idan ta saki, a sauya ta tare da haƙoran baya, domin sabuwar kaca a kan cinyayyun haƙora tsalle za ta riƙa yi. Kuma a daina yi mata wanka da baƙin mai. Idan ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya koma tamkar yashi yana cin ƙarfe.

Mai keken tsere yana da ƙarin abin lura. Siririyar taya mai faɗin milimita 23 ko 25 don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka yi ta, ba don ramuka da tsakuwa da ƙayar unguwanninmu ba. Idan gangar jikin ta ba da fili, taya mai milimita 32 ta fi sauƙin tafiya, ta kuma rage zuwa wurin mai faci. Sannan kafin a sayi taya a karanta lambar da ke jikin tsohuwar, domin gargare mai inci 27 da mai lamba 700C kama suke yi a ido, amma tayar ɗaya ba ta zama a kan ɗayan. Fitila da hular kwano su zo kafin fenti. Kwalliya ita ce ta ƙarshe.

Wani zai ce ai hawa keke alamar talauci ce, ga rana, ga masu mota da ba sa ganin mai keke da gashi. Batun haɗari gaskiya ne. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, sai ga shi mota ta ture shi a Abuja yana bisa nasa. Sai dai wannan hujja ce ta neman a gyara hanya da halin direbobi, ba ta jingine keke ba. Batun raini kuwa, a ƙasar Holan har firaminista an sha gani yana zuwa ofis a kan keke. Mu kuwa sakacinmu ya kai ga a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi.

Akwai kuma ribar da ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban Hausa. Rumfar mai gyaran keke taska ce ta kalmomi. Dubi yadda Bahaushe ya ɗauko sirdi daga doki ya ɗora wa keke, ya kuma ari birki da feda da kariya ya daidaita su da harshensa. Tsofaffin masu wannan sana'a suna ƙarewa, kuma wanda bai zauna da su ba ba zai tsinci komai ba.

A ƙarshe, ina kira ga hukumomin manyan makarantun Bauchi su tanadi wuraren ajiye kekuna masu tsaro, gwamnati kuma ta ware wa masu keke gefen hanya a titunan da take faɗaɗawa. Kai kuma ɗan'uwa ɗalibi, idan ka je gida hutu, leƙa zaure, ka nemi izinin mai keken, ka tura shi wurin mai gyara. Ka ce masa ya fara da birki.