Kada A Zuba Kifi A Ruwan Da Bai Nuna Ba

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima cikin 1984, mutanen Wurno da Rabah da Goronyo suka ƙara ba da ƙarfi ga noman rani. Yanzu kuwa ga wata sana'a ta shigo, watau kiwon tarwada a tankin siminti a bayan gida. Sana'a ce mai kyau. Amma akwai wani garaje da ke cinye kuɗin albasa da tafarnuwar mutane, ya kamata a yi maganarsa.

Mutum ya gama ginin tanki ran Laraba, ya cika shi da ruwa ran Alhamis, ran Juma'a ya zuba 'ya'yan kifi. Kafin mako ya kewayo sai ga su rataye a saman ruwa, sun ƙi abinci, suna mutuwa ɗai ɗai. Nan da nan sai a ce mai sayar da iri ya yi ha'inci, ko kuwa bakin mutane ne. Sau da yawa ba ko ɗaya. Ruwan ne ɗanye.

Ga dalili. Kifi yana fitar da wani dafi daga jikinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe haka. Masana suna kiransa amoniya. A cikin gulbi akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune jikin duwatsu da laka. Kashi guda su juya amoniya ta zama wani dafin dabam, kashi na biyu su juya wannan ya zama irin gishirin da ke cikin takin zamani, wanda ba ya cutar kifi sai ya yi yawa ƙwarai. Sabon tanki ba shi da su. Ba a kuwa yi musu dole, sai sun hayayyafa da kansu.

A Taiwan da Japan da Jamus akwai masu kiwon ƙananan jatan lande cikin akwatin gilashi, don sha'awa kurum. Su kan cika akwatin, su riƙa jefa ɗan abinci, su bar shi mako 4 zuwa 6 ba dabba ko ɗaya a ciki, suna auna ruwan. To, in mai kiwon abin ado ya iya wannan haƙuri, ina dalilin wanda ya sa jarinsa duka?

Sabon siminti kuma yana da nasa kaifin, kamar na kanwa, yana tsatsowa cikin ruwa. Wannan kaifi da zafin bazara, su biyu ne ke ƙara wa amoniya ƙarfi, ga shi kuwa a ƙasar Sakkwato zafi ya kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Saboda haka a jiƙa sabon tanki mako 2 ko 3, ana zubarwa ana sakewa. Sa'an nan a sake cika shi, a bar shi har gansakuka ta kama bango. A fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, in sun kwana bakwai lafiya a ƙaro. Wanda ya sami 'yan duwatsu daga tankin maƙwabci mai lafiyayyen kifi, ya sa su a nasa, ya rage wa kansa jira.

Amma fa kada wani ya ce ƙwayoyin nan sun ɗauke masa aikin sake ruwa. Tarwada da yawa a wuri ƙanƙane ta fi ƙarfinsu. Ruwan da aka zubar kuwa a kora shi cikin lambu, taki ne. Kada a wanke bango da sabulu, kada kuma bokitin da aka dama maganin feshin albasa ya kusanci tankin.

Masu sayar da 'ya'yan kifi su ma da hakki a wuyansu. Kafin su karɓi kuɗin baƙo a sana'ar, su tambaye shi ranar da magini ya tashi.