Sanƙarau ba ya jiran sakin kasafi: abin da Gwandu ta gani a 2025

A watan Maris na 2025 Gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar da mutuwar mutum 26 daga cikin 248 da ake zargin sun kamu da cutar sanƙarau. Ƙaramar Hukumar Gwandu, wadda garin Kambaza ke cikinta, ita ta fi jin jiki, domin mutum 15 daga cikin mamatan nata ne. Gwamnati ta ware naira miliyan 30 don sayen magunguna, aka buɗe wuraren killace majinyata a Gwandu da Jega da Aliero da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF, aka kuma rufe jami'ar jihar da ke Aliero bayan rasuwar wasu ɗalibai.

Matakan sun dace, sai dai an ɗauke su ne bayan an fara binne mutane. Sanƙarau kuwa ba baƙo ba ne a Arewa. Yana zuwa da ƙurar hunturu, ya tsananta da zafin bazara, ya lafa idan damina ta sauka, kuma dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe fiye da mutum dubu 11 a Najeriya. Cutar da aka san lokacinta haka bai kamata kuɗin yaƙi da ita ya jira amincewar gaggawa ba.

Annobar ta kuma zo a mummunan lokaci. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, lamarin da ya girgiza ayyukan lafiya da dama a Najeriya. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin shekarar don cike giɓin. Amma rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsa daban. A Fabrairun 2026 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya shaida wa 'yan majalisa cewa naira miliyan 36 kacal aka saki daga cikin biliyan 218 na manyan ayyukan ma'aikatarsa a 2025.

Irin yankewar kuɗin da muke fama da ita ke nan, kuma ta bambanta da ta Amurka. A can, idan majalisa ta gaza amincewa da kasafi, akan rufe ma'aikatu a bainar jama'a, kamar yadda aka yi na kwana 43 daga 1 ga Oktoban 2025. Duk da haka dokarsu ta keɓe ayyukan kare rai da dukiya, kuma kowace ma'aikata na da rubutaccen tsarin wanda zai ci gaba da aiki. A nan ba a rufe komai. Ofis a buɗe yake, ma'aikaci yana kan kujerarsa, sai dai babu mai a mota. Da yake ba a sanar da tsayawar ba, babu wanda ya zauna ya tantance aikin da bai kamata ya tsaya ba.

Abin da ke riƙe da aikin gaggawa ƙananan kuɗi ne, waɗanda ba a yanka ƙyallen buɗe su. Man babur ne na jami'in sa ido kan cututtuka, wanda zai je ƙauye ya tabbatar da jita-jitar yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Akwai allurar ceftriaxone a ma'ajiyar asibiti tun kafin majinyaci na farko ya iso, domin cutar na iya kisa cikin kwana guda. Akwai kuma kuɗin kai samfurin ruwan ƙashin baya zuwa ɗakin gwaji, wanda a 2025 sai da aka kai shi Abuja.

Wannan na ƙarshe ya fi nauyi fiye da yadda ake zato. Rumbun rigakafi na duniya, wanda Gavi ke ɗaukar nauyinsa, yana buƙatar shaidar gwaji kan nau'in ƙwayar cutar kafin ya saki allura. Duk kwanan da samfuri ya yi yana jiran kuɗin mota, rigakafin ma ya ja baya da kwana guda. Allurar Men5CV fiye da miliyan ɗaya ta iso Najeriya a Afrilun 2025 don jihohin da suka haɗa da Kebbi da Sakkwato, lokacin da cutar ta riga ta yi makonni tana ɓarna. Idan gwamnati ta makara, iyali ne ke biya: ɗan kasuwa ya taɓa jarinsa, ma'aikaci ya ci bashi a kan albashin da bai shigo ba.

Akwai tubalin gyara a ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma ɗan ƙaramin kaso ne ke zuwa ga hukumar NCDC don annoba. Jiha ba ta buƙatar jiran Abuja a kan wannan. Gwamna Nasir Idris da Majalisar Dokokin Kebbi na iya kafa asusun gaggawa da doka, wanda ba ya ƙarewa da ƙarewar shekarar kasafi, a cika shi kowane Nuwamba, a bai wa kwamishinan lafiya ikon cire kuɗi cikin kwana biyu, a kuma wallafa abin da aka kashe. Ƙananan hukumomi irin su Gwandu da Kalgo su san rabonsu a rubuce, har da adadin magungunan da za a ajiye a Kambaza kafin ƙurar Disamba ta tashi.