Hausa ta zama harshen ƙasa: shin ɗalibanmu sun iya rubuta ta a kwamfuta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A watan Maris na 2025 abubuwa biyu suka faru a Nijar, kuma a ganinmu ba a rasa alaƙa tsakaninsu ba. Na farko, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdurahamane Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na biyu, kamfanin Starlink ya fara ba da intanet ta tauraron ɗan Adam a ƙasar. Ma'ana, harshenmu ya samu matsayi a doka, kuma intanet na iya isa ƙauyen da eriyar salula ba ta kai ba.

Sai dai matsayi a takarda daban, aiki da harshe daban. Yau wasiƙar ofis, takardar neman aiki da kundin kammala jami'a duk a kwamfuta ake buga su. Idan ƴaƴanmu ba su iya buga Hausa ba, dokar za ta tsaya a bakin masu jawabi kawai.

Mu duba misali ɗaya. Allon maɓallan Faransanci da ya cika ofisoshin Yamai, Maraɗi da Damagaram ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Wanda bai san yadda ake ƙara harshe a na'ura ba sai ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ko "kafa" a maimakon "ƙafa". Alhali gyaran ba ya cin ko dala: akwai tsarin maɓallan Hausa kyauta, kamar na Gboard a wayoyi.

Iyaye da yawa suna ganin yaron da ke wuni a WhatsApp da TikTok ya riga ya ƙware. A'a, kallon bidiyo ba ilimin kwamfuta ba ne. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne ya iya buɗe fayil, ya buga rubutu, ya adana shi inda zai same shi gobe, ya mayar da shi PDF, ya tura ta imel, ya kuma kare kalmar sirrinsa. Sannan ya san bambance labari da ƙarya. Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu karɓi labari, kuma wannan umurni ya shafi saƙon da ake turawa a waya.

Mun san uzurin: tsadar na'ura da ɗaukewar wuta. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfuta biyar tsofaffi da faifan hasken rana sun isa ajin mutum ashirin idan ana karɓa-karɓa. Kwamitocin masallatai da masu hannu da shuni za su iya mayar da wannan sadaka mai gudana, musamman a madarasu, inda ɗalibi ke buƙatar buga Larabci, Faransanci da Hausa gaba ɗaya. Kuma kada a bar ƴan mata a baya.

Wahayin farko ya zo da umurnin karatu da ambaton alƙalami. Alƙalamin zamaninmu yana da maɓallai. In ba mu koya wa ƴaƴanmu riƙe shi ba, wasu za su rubuta addininmu da tarihinmu yadda suka ga dama. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.