Mu Tattauna: Ilimin da Bai Kai Kasuwa Ba



Ran nan a ajin yaƙi da jahilci wani dattijo ya tambaye ni: "Malam, wane ne ya fara sa rana aiki a ƙasarmu?" Na ce masa ɗan Tasawa ne, Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a 1929, ya rasu a 1991. Shi ya jagoranci ONERSOL, ma'aikatar binciken hasken rana da aka kafa a Yamai a 1965. Sun ƙera abin ɗumama ruwa da murhun dafuwa waɗanda ba su cin itace, ba su yin hayaƙi. Yau jami'ar Yamai sunansa ta ke amsawa.

Dattijon ya ce: "To, ina murhun? Ni ban taɓa ganinsa a kasuwa ba." Gaskiyarsa.

Murhun ya na dafawa sarai. Amma matanmu da marece su ke tuƙa tuwo, lokacin rana ta yi sanyi. Wa za ta tsaya cikin ƙunar azahar ta na juya madubi? Ga tsada. In ya lalace, maƙerin gari bai san kansa ba.

Ku dubi murhun ƙarfe Mai Sauƙi. Bai kai wancan hikima ba, kuma itace ya ke ci, sai dai kaɗan. Amma maƙeranmu sun iya bugunsa, mace ta na taya shi a kasuwa kamar kwano.

Allon hasken rana ma ya daɗe a hanya. A Amurka aka fito da shi a 1954, da tsadar da sai kumbon sama jannati ake ɗora wa. Sai da masana'antu, galibi na ƙasar Sin, suka riƙa buga shi babu adadi, kuɗinsa ya faɗi. Shi ya sa aka iya kafa tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, kuma ku ke ganinsa bisa rumfar mai cajin waya da bakin rijiyar garka.

Abin da ke damuna, allon nan duk daga waje ya ke zuwa. Mun rasa ƙerawa, kada mu rasa gyara. Ina roƙon hukuma ta sa koyon haɗa allo da batir da famfo cikin darussan manya. A ajina akwai samari huɗu da suka ce a rubuta sunansu.