Maganin Kasalar Karatu

Bayan haka, akwai wata kasala da take kama ma'abota ilmi, ba su kuwa so a ji. Malami ya buɗe Muhtasar, ido yana bin baƙi, zuciya tana kasuwa. Kwana ya zama wata, littafi ya koma gafaka, gara ta shiga nata karatun.

Waɗansu suna cewa maganin wannan shi ne tilasta wa rai. Lalle sun yi kuskure. Falke mai hankali ba ya ƙara wa gajiyayyen jaki kaya. Sauke masa yake yi, ya kai shi mashaya. Haka zuciya take. In fiƙihu da nahawu sun gajiyar da ita, sai a ba ta hikaya.

Magabata ba su ga aibin wannan ba. A ƙarni na 2 na Hijira Ibnul Muƙaffa ya juya Kalila wa Dimna daga Farisanci zuwa Larabci, hikima a bakin dabbobi. A 1937 kuma aka buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku yake tsare ɗan sarki da labaru. Wanda bai iya boko ba, ɗansa ya karanta masa.

Sharaɗinsa labarin ya zama gajere, wanda za a gama tsakanin la'asar da magariba, ko kafin mai saye ya iso rumfa, domin daɗin gamawa shi yake komo da marmari. Amma zango ba gida ba ne. In zuciya ta huta, a koma ga Muhtasar.

Allah Ya ƙara basira, amin. Wassalam.